Kabewar Gwaggo Dije Ta Naɗe Kunnuwa

Bana ruwa ya sauka da wuri a Isa. Tun mutane ba su gama sharar gonakin da ake iya zuwa ba sama ta buɗe, lungunmu ya cika da taɓo da kukan kwaɗi. Matar ɗana, Shafa'atu, ta samo tsoffin buhunan siminti ta cika su da ƙasa, ta jera a gindin katanga ta shuka kabewa. Tun da zaman ƙauye ya gagare mu munka dawo cikin gari, gonarmu ke nan, abin da buhu ya ɗauka.

Shekaranjiya da hantsi ta same ni a ƙofar ɗaki ina tsintar wake, ta ce in zo in gani, kabewarta ta tsiro amma kunnuwan duk sun naɗe. Kunnuwa muke ce wa ganyen nan biyu masu kauri da ke fara fitowa, waɗanda ko kaɗan ba su yi kama da ganyen kabewa ba. Har ta ɗauki hotonsu da waya za ta tura wa yayanta. Na dafa sanda na je, na durƙusa da ƙyar, na cusa yatsa cikin buhu. Ƙasar ta yi caɓa-caɓa tana warin ruɓa. Ga ruwan sama, ga na famfo da take ƙara musu safe da yamma don tsananin so, buhun kuwa ba huji. Na ce ta huda gindin buhunan ta bar su su sha iska. Ta huda, ruwa ya yi ta tsiyaya har bakin ƙofar gida.

Ita ta koma ga aikinta, ni na kasa tashi. Ina kallon ruwan nan yana bin ƙasa ba mai tare shi da ƙwarya, sai ga ni a ƙauyenmu na yankin Turba, shekara arba'in da wani abu baya.

A lokacin ina goyon ɗan fari. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigida, Allah ya jiƙan shi, da mahaifiyarsa Inna Tumba, gajeruwar tsohuwa mai zanen Gobirawa a kumatu, wadda idonta ya fara hazo amma hannunta bai mance komai ba. Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, tun kafin bazara ta yi nisa muna jin ƙarar hannu a gindin rumbu. Maigida ya kora awaki zuwa kasuwar Sabon Birni ɗaya bayan ɗaya yana dawowa da garin rogo, har ta rage saura akuya guda. Daga nan munka koma ga anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗacin tsiya. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu, ruwan kuwa shi ne babu.

An yi ruwa sau ɗaya, mai kyau, kowa ya fita da sungumi. Gero ya tsiro ya yi kore shar kamar da gaske, sannan sama ta rufe bakinta. Munka yi ta kallonsa yana murɗewa yana komawa ƙasa. Anka sake binne iri a busasshiyar ƙasa ana jiran rahama, tsuntsaye da gara sunka cinye. Cikin haka watan azumi ya kama. Ban taɓa ganin rana irin ta wannan azumin ba. Da azahar ko ƙadangare ba ya ƙetare tsakar gida. Hadari zai haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, mu fito da tuluna, sai iska mai zafi ta taso ta watse shi, a bar mu da ƙura a haƙora.

Rijiyar ƙauye ta ja baya har guga na dawowa da laka. Mata sai mu yi sammako zuwa gulbi, wanda ya zama fili na yashi fari fat. Mu tona rami da hannu da sakaina har kafaɗa ta shige, mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo, muna kwarfa da ƙoƙo a hankali don kada ya gurɓace. Tulu ɗaya kan ci hantsi guda.

A wannan shekarar ne mutanen arewa sunka yi ta gangarowa daga ƙasar Nijar, da jakuna masu ƙashin haƙarƙari a waje, da tabarmi, da yara. Su kwana a gindin itace, da safe su wuce wajen Isa. Wata rana na dawo daga gulbi na iske wata mata zaune a inuwar darninmu na kara, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage. Ayarinsu ya wuce, 'ya'yanta maza sun ce za su nemo wurin zama a kudu su dawo su ɗauke ta. Inna ta fito ta dube ta, ba ta tambaye ta komai ba sai sunanta. Ta ce Dije, daga arewacin Madawa. Inna ta ce in shigo da ƙullin kayanta, ta shimfiɗa mata tabarma a nata ɗakin. Na ga maigida ya dubi ƙwaryar tuwon da za ta koma ta mutum huɗu.

Gwaggo Dije nake ce mata. Ba ta da yawan magana. Ita ke sake wa anza ruwa, ita ke riƙe mini yaro in na tafi gulbi, in an zo buɗa baki kuwa loma biyu sai ta janye hannu ta ce ta ƙoshi. Da ƙafarta ta warke, wata safiya ta kira Inna ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta. 'Ya'yan kabewa ne, ba su cika tafin hannu ba, sun bushe ƙayau har suna ƙara kamar ƙwarya. Ta ce na bayan ɗakinta ne, irin da ta gada wajen uwarta. Ta yi tafiyar nan duka da su a jikinta, yunwa ta ci ta har tana ganin duhu, ba ta ɓare ko ɗaya ta ci ba. Ta ce ba ta da abin da za ta saka wa gidan nan da shi sai su.

Munka tona ramuka a bayan ɗakin Inna, munka bi jikin darnin da ya raba mu da gidan Baba Nomau, ƙanen mahaifin maigida. Munka zuba tsohon taki, munka shuka. Da maigida ya ga na ɗauko ƙoƙo zan zuba musu ruwa sai ya tare ni, ya ce ruwan da mace ta tono da farcenta na mutane ne da akuya, ba na wasa ba. Gaskiyarsa ce, na ajiye ƙoƙon. Inna ta tambaye shi ina yake zubar da ruwan alwalarsa. Ya ce a ƙasa mana. Ta ce to daga yau ga ƙasar da zai zubar. Tun daga ranar kowa a gidan nan, in lokacin salla ya yi, sai ya ɗauki buta ya zagaya bayan ɗaki, ya tsuguna a kan rami ɗaya ya yi alwala. Wankan jariri ma can nake yi. Ko ɗigo bai ƙara faɗuwa a banza ba.

Sunka tsiro. Da farko wuyan ke fasa ƙasa a lanƙwashe, kamar tsoho a ruku'u, sannan ya ɗago kai. A duk ƙauyen nan babu wani abu kore sai su. Nakan baro aiki in zo in tsaya ina kallo kawai.

Murnar ba ta daɗe ba. Maimakon kunnuwan su buɗe su shimfiɗu, sai sunka naɗe. Wasu sun murɗe kamar igiya, wasu sun lanƙwashe, ba ko ɗaya mai kyan gani. Baba Nomau ya leƙo ta kan darni ya gani, fuskarsa ta sake. Ya zagayo ya yi sallama, ya ce wa Inna shi ya san wannan abin. Shekarun baya wata cuta ta faɗa wa gonarsa ta duma, haka ta fara da naɗe ganye, kafin ya farga ta gama da duman ta shiga wake, bai tsira da ko ludayi ba. Ya ce iri baƙo ne, ba a san abin da ya ɗauko ba. In Allah ya kawo ruwa, ɗan irin waken da ya rage masa nan bayan darnin zai shuka shi, kuma shi ke nan abin da iyalinsa sunka dogara a kai. A tuge su a ƙone tun da wuri.

Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ke cinsa kamar kowa. Amma magana in ta fita gida ba a san inda za ta tsaya ba. Washegari a gulbi na ji mata na cewa ai tun da baƙin nan sunka fara shigowa hadari ke watsewa, yanzu ga shi har shuka ta ƙi. Wata ta ce akwai ƙafar da in ta taka gida sai a hankali. Ban kai maganar gida ba, amma ta riga ni isa. Na iske Gwaggo Dije ta naɗe tabarmarta tana ɗaure ƙullinta, Inna na tsaye a bakin ƙofa.

Gwaggo Dije ta ce, "Yaya, kun yi mani abin da dangi ba su yi ba. In ƙahwata ce ta kawo maku wanga abu, za ni ɗauke maku ita."

Inna ta ce, "Ki kai ta ina, cikin wagga rana, da azumi a bakinki? Aje kayan ga. Ba a yanke ma mutum hukunci ba a duba ba, balle ɗan tsiro."

Ta ɗauki mayafi ta shiga gidan Baba Nomau, ta roƙe shi ya ba ta zuwa Juma'a ta sama. In har lokacin abin cuta ne, ita da hannunta za ta tuge ta ƙone. Matar wansa ce, bai iya ce mata a'a ba.

Da gari ya waye mu uku munka tsuguna a bayan ɗaki. Inna ta bi ramukan tana shafa kowane tsiro da yatsa, a hankali kamar mai duba jariri. Da ta kai ƙarshe ta ce ita dai abin da hannunta ya gaya mata, naɗewar nan ba iri ɗaya ba ce. Ta ce mu masu ido mu duba da kyau, kada mu ce sun naɗe kawai, mu faɗi yadda kowanne ya naɗe.

Sai a lokacin na duba da gaske. Waɗanda sunka murɗe kamar igiya, ɓawon irin ne bai faɗi ba. Ya cije bakin kunnuwan biyu gam, su kuma suna girma a ciki suna neman fita, sai sunka kumbura ta tsakiya sunka karkace. Na kai hannu zan cire, Gwaggo Dije ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce in na ja a bushe da kan zan taho. Ta san wannan. A garinsu in an yi shuka ƙasa da laima, ƙasar ce ke tuɓe wa tsiro hularsa tun yana ciki. Waɗannan irin sun sha rana a hanya, ɓawonsu ya yi tauri, ƙasar kuma ba ta jiƙa shi yadda ya kamata ba. Ta ce uwarta da yawu take jiƙa shi.

Munka dubi juna. Mata uku da azumi cikin wannan zafin, kowa ta motsa baki, babu abin da ya zo. Inna ce ta fara dariya, irin dariyar da ba ta da sauti don maƙogwaro ya bushe. A ƙarshe na yago bakin tsohon ɗankwali, munka yayyaga shi ƙanana, munka tsoma a sauran ruwan buta, munka ɗora wa kowane ɓawo kamar rawani. Munka jira. Da hantsi ya ɗaga Gwaggo Dije ta ɗauko ƙayar aduwa, ta sa bakinta a tsagar ɓawon ta ɗan buɗa. Ya zame ya faɗi. Kunnuwan da sunka fito fari-fari ne, a yamutse, kamar tafin hannun jaririn da anka haifa yanzu. Muna nan tsugune, ina rantsuwa da idona na gani, sunka fara rabuwa da juna sannu-sannu. Kafin la'asar sun yi kore. Abin da shekaranjiya anka ce a ƙone, ashe hula ce kawai ta matse shi.

Kashi na biyu ni na gano su, don ni ke zagayawa da rana shanya tsummokaran yaro. Waɗanda ke tsakiyar fili, inda inuwar ɗaki ba ta kai, da safe a buɗe suke lafiya lau. Rana na take tsaka sai gefensu ya tattaro sama, su haɗe kamar mai roƙon Allah da tafi biyu. Da yamma in zafi ya karye su sake buɗewa. Baba Nomau da rana tsaka ya leƙo, mu ma da rana hankalinmu ya tashi. Na gaya wa Inna, ta ce in ƙara dubawa gobe kada in yi gaggawa. Na duba, haka ne. Wato abin nan da bai kai tsawon yatsa ba ya san rana za ta ƙwace masa ruwa, yana rufe kansa da kansa, ya kuma san lokacin da za a buɗe. Mu da hankalinmu ba abin da muke yi da azahar da ya wuce haka. Munka kakkafa musu tsoffin faya-fayai da fasassun ƙore ta yamma, munka rufe gindinsu da ƙaiƙayi don ƙasar ta riƙe laima.

Na jikin darni su ne sunka ba mu tsoro. Nasu kunnuwan ƙasa sunka lanƙwasa, ba sa buɗewa safe ko yamma. Inna ta shafa ta ce akwai danƙo, ta ji kuma kiyashi na hawa mata yatsa. Ta ce in juya bayan ganyen in gaya mata abin da na gani. Na juya. Wasu ƙananan ƙwari ne kore-kore kamar kwarkwata, sun yi cincirindo suna tsotso. Ta ce ƙwarin darɓa ne, irin masu sa ganyen dawa danƙo, kiyashin nan kuma kiwonsu suke yi kamar Bafillace da shanunsa, su hau da su su tatsi zaƙin. Na zuba ido, sai ga kiyashi ɗauke da ɗaya a baki yana hawa kara. Cikin yunwar nan da ta kori mutane daga garuruwansu, ga wasu bayin Allah da garkensu a bayan ganye ɗaya.

Munka murtsuke su da yatsa, munka barbaɗa toka a ganye da gindi, munka jiƙa ganyen dogonyaro muna yayyafawa da yamma. Wasu sun farfaɗo. Biyu sun riga sun shanye, Inna ta tuge su ta ɗora a faifai ta kai wa Baba Nomau har gida, ni ina biye da ita. Ta nuna masa ƙwarin, ta ba shi labarin ɓawo da na rana, sannan ta tambaye shi yadda ganyen dumansa ya yi a waccan shekarar. Ya ce ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Ya juya na faifan ya ga korensu ɗaya ne. Amma bai sauka daga kan maganarsa ba. Ya ce kunne ba ya faɗin gaskiya duka, cutar da ya sani a ganyen gaske take bayyana, wanda ke fitowa daga tsakiya. Sai ya ga wannan.

Inna ta ce ya yi gaskiya, munka dawo muna jira.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Gwaggo Dije ba ta kwance ƙullinta ba, yana nan a jingine a bayan ƙofa. Ana saura kaɗan Juma'a na zagaya da safe na ga kunnuwan manyan cikinsu, waɗanda munka sha wahala a kai, sun fara rawaya, gefensu na bushewa. Na kira Gwaggo Dije ina hawaye, na ce duk wahalarmu ta tashi a banza. Ta tsuguna ta duba, ta kama yatsana ta ɗora a tsakanin kunnuwan. Na ji wani abu mai kaushi, mai gashi-gashi. Ta ce kunnuwan nan ai ƙwayar irin ce da kanta, wadda muke ɓarewa mu ci, ita ce ta rabe biyu ta fito sama. Guzurin tsiron ne. Shi yake ci kafin saiwarsa ta kama ƙasa, in ya cinye sai su bushe su faɗi. Da ta ci su a hanya, abin da za ta ci ke nan.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ɗan abin da bai kai farce ba, an sallamo shi da abincinsa a jikinsa, daidai wanda zai kai shi inda zai iya nema da kansa.

Ran Juma'a Baba Nomau ya shigo da hantsi, ya riga ya sa rigarsa ta zuwa masallaci. Ya tattare ta ya tsuguna. Ganyen gaske ya buɗe a yawancinsu, mai faɗi, mai yatsu, da gashinsa. Ya shimfiɗa ɗaya a kan babban yatsansa, ya sunkuya ya duba shi ta wajen hasken rana, ya juya bayansa. Ya bi ramukan nan kaf bai tsallake ko ɗaya ba, mu muna tsaye ba mai motsi. Da ya gama ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Tun zuwanta bai taɓa yi wa Gwaggo Dije magana kai tsaye ba, ran nan ya juya wajenta.

Ya ce, "Baiwar Allah, irinki lahiya lau shike. Ni na yi gaggawa, ki yahe mani."

Ta rufe fuska da bakin mayafi ta ce babu komai. Da yamma na ga tabarmarta a shimfiɗe.

Ruwa bai zo ba sai bayan salla. Sallar da anka yi ba ɗinki ba tuwon kirki, daga idi anka zarce roƙon ruwa. Ran da ya zo, da la'asar ne, ba wanda ya fitar da tulu don mun gaji da fitarwa. Sai munka ji ƙamshin ƙasa ya riga shi isowa, sannan ɗigo masu nauyi sunka fara bugun jinka ɗaya-ɗaya, kowanne na tayar da 'yar ƙura. Kafin a ce haka sama ta tsage. Maigida ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga fuska, ruwa na bin gemunsa, bai ko motsa ba. Akuya na kuka, yaro na kuka, Inna na ta salati.

Anka sake shuka da ɗan irin da anka samo, amma lokaci ya ƙure. Ruwan ya ɗauke tun gero bai gama ɗaukar ido ba, abin da munka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Kabewa kuwa, da yake saiwarta ta riga ta yi nisa tun cikin fari, ruwan nan na taɓa ta sai ta tashi kamar an kwance doki. Nakan kafa tsinke a bakin yaɗonta da safe, gobe in iske ta wuce shi da taki guda. Siraran hannuwanta na lilo a iska suna lalube, duk abin da sunka taɓa sai su naɗe shi. Ta rufe bayan ɗaki, ta haye darni ta faɗa gidan Baba Nomau ta bi gefen wakensa, waken kuma bai ce komai ba. Sauran ta kama bangon ɗakin Inna ta hau jinka.

Ganyen munka fara ci. Mu tsinko masu taushi, mu saɓule gashin, mu yi miya ko kwaɗo. Sannan furen, manya masu ruwan ƙwai, da ke buɗewa da sassafe cike da zuma. Sannan 'yan ƙananan da munka rage don sauran su yi girma. Nonona da ya kusa ƙafewa ya dawo, yaro ya fara nauyi a baya. Matan da sunka yi maganar ƙafa a gulbi sunka fara sallama da 'yan ƙorensu, Gwaggo Dije ce ke tsinko musu, ba ta taɓa nuna ta ji abin da sunka ce ba.

Bayan kaka babban ɗanta ya zo ya tafi da ita, ban ƙara ganinta ba, ban kuma ji labarinta ba. Amma kafin ta tafi an yi abin da har yau ban mance ba.

Na kan jinka sun fi na ƙasa girma, don ba abin da ke taɓa su. Sun kwanta cikin ganye manya-manya, wasu sun kai tulu, Inna ta hana a taɓa su sai sun ƙosa sosai don su daɗe a ajiye. Jinkar kuwa tsohuwa ce, shekarun yunwa ba wanda ya yi ta baibaya. Wata rana da la'asar muna tsakar gida ina daka, sai munka ji ƙara kamar an karya itace a gwiwa. Inna ta fito daga ɗaki da gudun da ban san tana da shi ba, ɗankwali a hannu. Munka ɗaga kai, gefen jinkar ya lotsa ciki, wata ƙatuwar kabewa ta gangaro ta faɗo tim a gaban turmi ta dare biyu, cikinta ja wur, 'ya'ya sun watsu a ƙasa.

Gwaggo Dije ta dubi jinkar, ta dubi Inna da ke haki, sai ta fashe da dariya, har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ban taɓa jin muryar dariyarta ba sai ran nan. Maƙwabta sunka shigo jin ƙarar, gida ya cika. Baba Nomau ya koma ya jawo gwafa, shi da maigida sunka shiga sunka tokare jinkar daga ciki. Maigida ya fito yana karkaɗe ciyawa daga kansa, ya ce gobe da safe zai hau ya sauke sauran duka kafin ɗakin ya rufta wa mutane.

Inna ta ɗaura ɗankwalinta, ta ɗaga kai tana kallon abin da idonta ke iya gani na jinkar.

Ta ce, "Ba ka taɓa su sai sun nuna. Ni dai nan za ni kwana. Shekarar da rumbun kowa ya kwana wohi, ni abinci ya karya mani ɗaki. Bari in kwana ƙarƙashinai in gode ma Allah."

Haka ta yi ta kwana a ƙarƙashin lotsattsiyar jinkar nan, ita da baƙuwarta, da gwafa a tsakaninsu, har kabewa ta ƙarshe ta nuna.